Sirrin da Aka Karanta a Wurin Jabana

Hawata, 4 ga Safar

Zuwa ga 'yata Ummusalama, a Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya mutanen gidan, yaya ruwa? Mu nan sai godiya. Maigidana, Babanku Lawali, ƙafar nan tasa ce ke tashi in hadari ya haɗu, amma ya ƙi zama, kullum yana gona. Riɗi ya fito da kyau, Allah Ya tsare shi daga tsutsa.

Innarki Barira ce ke magana, 'yata Ruqayya ke rubutawa, kin san ni da alƙalami sai dai kallo. Waya kuwa ta zama kayan ado, shabaka, wato layin waya, ta ɗauke mana tun kafin ruwa ya sauka, shi ya sa na ce a ba Osman mai lori takarda. Kada ki ce dangantakarmu ta yi nisa don kakana da kakan marigayiya uwarki ne wa da ƙane. A tabarma ɗaya muka girma ni da ita. Zumunta a ƙafa take, in ƙafa ta kasa sai takarda ta tafi.

Osman ya ce yanzu kina aiki a markaz ɗin da ake kai mutanen da yaƙi ya firgita. Ya ce ba allura kike yi ba, zama kike kina sauraron mutane. Na ce af, ashe surutu ma ya zama aiki, da na sani da tuni ni ma daktora ce.

To ga abin da ya sa na aiko. Wata goma sha shida ke nan ba labarin ɗana Harun, tun da Khartum, inda yake zaune, ta kama da wuta. Ba a ce mini ya mutu ba, ba a ce mini yana raye ba. Barci ya ƙaurace mini. Jiya kisra, wainar dawar da nake toyawa, ta ƙone a gabana ina kallo, hannuna ya ƙi motsi. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, ina addu'a ba dare ba rana. Ke da kika yi karatun abin, ki gaya mini gaskiya: wannan ciwo ne mai magani, ko kuwa haka zan ƙare?

Kada in cika ki da kuka. Akwai abin alheri da ke tafe game da wadda ke riƙe da alƙalamin nan, ga ta tana hararata. Ba zan faɗi sunan mutumin ba sai an sa rana, haka muka gada.

Ki gaida kowa da kowa.
Innarki, Barira

Gadarif, 9 ga Safar

Zuwa ga Inna Barira.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Muna lafiya. A gaida Baba Lawali da ƙafa, a ce masa gona ba za ta gudu ba. Ruqayya, ke kuma Allah Ya tabbatar da alheri, ina jiran suna.

Gadarif ta cika, Inna. Makarantu sun zama gidaje, kowane aji iyali biyar ko shida. Tun safe har la'asar kujerar da ke gabana ba ta hucewa.

Abin da ke damunki yana da magani, kuma ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Zuciya ce ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Ki ci gaba da addu'arki, amma ki zo mu gan ki. Na san halinki, za ki ce wa zai bar gida a tsakiyar damina don ya je ya yi hira. Don haka bari in ba ki labarin wani, ko kya yarda.

Akwai wani bawan Allah da ke zuwa wurina. Ba zan faɗi sunansa ba, aikinmu bai yarda ba. Direban tarakta ne a ɗaya daga cikin manyan gonakin nan. Ranar da ya fara zuwa na lura da agogon hannunsa, gilashinsa a tsage, ya tsaya a kan ƙarfe huɗu da kwata. Na ƙanensa ne. Lokacin da suka gudo daga Madani a ƙafa, harsashi ya sami ƙanen a ciki. Ya goya shi har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙanen ya cire agogon ya ba shi, ya ce ya je ya nemo mota. Ya jingina shi a gindin bishiya da ransa, ya tafi, hanya ta rufe, bai sake samun komawa ba. Da ya iso wurin uwarsu sai bakinsa ya kasa, ya ce mata ya rasu a hannunsa, ya yi masa sutura ya binne shi.

Inna, mutumin nan sai da ya kai ga tsayawa a bakin kogi yana tunanin faɗawa. Yau wata huɗu yana zuwa, yana shan maganin da daktora ta rubuta masa, yana barci, ya yi ƙiba, har maganar aure yake yi. In wanda ya ɗauko irin wannan kaya ya samu sauƙi, ke ma za ki samu da yardar Allah.

In hanya ta bushe ki biyo Osman. Ɗakina yana nan, in dafa miki abin da kike so.

'Yarki, Ummusalama

Hawata, 2 ga Rabi'ul Awwal

Ummusalama,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya kuwa babu. Wannan hannun Malam Jibrin mai kanti ne, maƙwabcinmu, don Ruqayya ta ce ko za a yanka ta ba za ta sake riƙe mini alƙalami ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! 'Yar nan, kin san abin da kika aikata kuwa?

Takardarki ta yi kwana goma sha tara a hanya, lorin Osman ya kafe a laka. Ba ta tashi isowa ba sai washegarin sa ranar Ruqayya. Sunan da na ɓoye miki Maliki ne, ɗan Haliima, mutanen Madani da suka sauka wurin ɗan'uwansu a nan bara. Direban tarakta ne. Duk Hawata wa bai san agogon Maliki ba? Har tsokanarsa ake yi a kasuwa, a ce Maliki ƙarfe nawa, ya yi murmushi ya ce huɗu da kwata.

Mata sun taru a rumfata da hantsi don yi mini barka, na ɗora jabana, tukunyar gahawa, an kunna turare. Mu tara ne, har da Haliima uwar ango a kan darduma kusa da ni. Sai ga takardarki. Kin san a nan wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce, in ta zo sai a karanta kowa ya ji gaisuwarsa. Ni kuma ga alfahari, 'yata daktora ta rubuto daga Gadarif. Na miƙa wa Ruqayya na ce ta ɗaga murya.

Da ta zo kan agogon sai muryarta ta yi ƙasa. Ni da bakina na ce, "Karanta mana, me kika tsaya yi?" Ta ci gaba har ta kai inda kika ce da ransa. Nan ta tsaya cak. Fatiha matar mai nama, wadda ba a raba ta da shiga abin da ba nata ba, ta fizge takardar ta ƙarasa, har da kogin, har da maganin.

Haliima ta ajiye finjalinta a hankali. Ta ce, "Da ransa?" Sau ɗaya ta faɗa. Ta miƙe ta fita, takalmanta suna nan a bakin rumfa har yanzu, na rasa wanda zan ba ya kai mata.

Kafin azahar magana ta kai bakin kogi, kafin la'asar ta kai kasuwa. Yanzu abin da ake cewa Barira za ta ba mahaukaci 'yarta, wanda ya bar ƙanensa ga kuraye. Babanku Lawali ya daina cin abincina, wai ni na tara mata.

Ba zagin ki na aiko in yi ba, ko da yake kin cancanta. Tambaya na aiko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a al'adarmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike, ke kuwa ke ce kika fi kowa sanin cikinsa. Shi ne ko ba shi ba ne? In shi ne, hauka ne? Yana tashi? Ana gadonsa? Zai iya cutar mini da yarinya? Ruqayya ƙanwarki ce, jininki ce, shi kuwa bare ne. Ki ba ni amsa a hannun Osman, kada ki yi mini kwana-kwana irin na 'yan boko.

Barira

Gadarif, 8 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Inna Barira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Malam Jibrin, na san kai za ka karanta wannan, don Allah daga kai sai Inna.

Tun da na karanta takardarki abinci bai wuce mini ba. Laifin nawa ne, ba naki ba, ba na Ruqayya ba. Mutum ya zauna a gabana ya buɗe mini cikinsa bayan na yi masa alkawarin maganarsa ba za ta wuce ƙofar ɗakin ba. Na ɗauka in na cire suna na rufa masa asiri. Na manta mu Hausawan ƙasar nan tsintsiya ɗaya ce, daga Madani har Gallabat kowa ya san takalmin kowa. Na manta yadda ake karanta wasiƙa a gidajenmu, ni da na girma ina jin ana karantawa. Na so in taimake ki, sai na ɗauki abin da ba nawa ba na ba ki. Kyakkyawar niyyata ba ta wanke ni ba.

Na je wurin shugabarmu, Daktora Batoul, na gaya mata komai da bakina. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Ummusalama, wannan shi ne darasin farko na aikin nan." Ta dakatar da ni daga ganin marasa lafiya har wata uku, kuma ta yi daidai. Mutumin da na ba da labarinsa, ko wane ne shi, zan zauna a gabansa in gaya masa abin da na yi, in ya yarda ya saurare ni.

Amma tambayoyinki, Inna, ki yi mini haƙuri, ba zan amsa ko ɗaya ba. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Kada ki ɗauki wannan a matsayin eh. Da za ki tambaye ni ko Baba Lawali ya taɓa zuwa wurinmu, amsar da zan ba ki ke nan. Na yi ɓarna sau ɗaya, ba zan gyara ta da ta biyu ba.

Abin da zan iya faɗa miki shi ne wanda zan faɗa wa kowa a kasuwa: firgitar yaƙi ba hauka ba ce, ba a gadonta, kuma wanda ya nemi magani da ƙafarsa ya fi wanda ya ɓoye ciwonsa hankali. In kuna son sanin Maliki, ku kira Maliki ku tambaye shi. Yana da baki.

Ki ce da Ruqayya na ji kunyarta.

'Yarki, Ummusalama

Hawata, 15 ga Rabi'ul Awwal

Ummusalama,

Sallama. Muna nan yadda kika bar mu. Malam Jibrin ne dai ke rubutawa.

Na ji wasiƙarki. Ni za ki yi wa wayo? Na haifi bakwai, na binne biyu. Shiru ma magana ce. Da ba shi ba ne, da kin ce ba shi ba ne a layin farko kowa ya huta. Kuma me ya kawo sunan Babanku cikin maganar mahaukata? Malam Jibrin ya karanta wurin, na ce ya maimaita, don ban yarda da kunnena ba.

Tirƙashi! Lokacin da ba a tambaye ki ba kin zuba kamar tulun da ya fashe, yanzu da ake roƙonki kin zama kabari. Amanar bare ta fi miki zumunci, to madalla.

Babanku ya ce ranar Juma'a mai zuwa zai mayar wa su Maliki da kayan aurensu. Hanya ɗaya ta rage. Ki rubuto takarda mai hatimin markaz ɗinku cewa Maliki lafiyarsa ƙalau, bai taɓa taka ƙofarku ba, a karanta a masallaci bakin mutane ya mutu. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. In kin ƙi, kada ki sake ce mini Inna.

Barira

Hawata, 20 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Yaya Ummusalama.

Assalamu alaikum. Ruqayya ce, da kaina, ba wanda ke faɗa mini abin da zan rubuta. Muna lafiya. An yanke riɗi, ana kakkaɓewa. Inna ta rame, amma ba ta yarda a faɗa.

Wasiƙunki biyu sun iso cikin watan nan da ya wuce, Inna ta tura su ƙarƙashin katifa ba a buɗe ba. Jiya na ciro na karanta ni kaɗai. Na ga kin ƙi rubuta takardar ƙarya. A wannan kam na gode miki, don da an karanta ta a masallaci da an mayar da shi maƙaryaci sau biyu.

Ba a mayar da kaya ba. Ranar Alhamis ɗin, kafin Baba ya tashi, Maliki ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ƙi zama a kan tabarma, ya durƙusa a ƙasa, ya ce, "Baba, ni ne mai agogon. Ku tambaye ni, kada ku tambayi kowa." Ina bayan zana ina ji. Bai rage komai ba, har bishiyar, har kogin. Baba ya kira ni ya tambaye ni ra'ayina. Na ce na san wanda zan aura, kuma na fi saninsa yau a kan jiya. Baba ya ce a bar maganar sai an girbe dawa.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru, Yaya. Wakilin gona ya karɓe makullin tarakta daga hannunsa, wai ba zai ba mai taɓin hankali injin mutane ba. Yanzu yana cikin 'yan ƙwadago yana ɗaurin riɗi. A kasuwa ba mai tambayarsa ƙarfe nawa, sai dai a yi shiru in ya wuce. Mahaifiyarsa ta yi kwana ashirin ba ta dube shi ba, suna gida ɗaya.

Ya gaya mini kun kira shi ke da Daktora Batoul, kin faɗa masa abin da kika yi kina kuka, shi kuma ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Ya ce ba fushi ne ya hana shi magana ba. Ya ce wata biyu kuna shirya yadda zai gaya wa mahaifiyarsa gaskiya, kina ajiye masa kujera ba kowa a kanta yana gwada maganar, har ya sa wa kansa lokaci, bayan yankan riɗi. Ni kuma zai gaya mini kafin ɗaurin aure. Saura masa 'yan makonni, Yaya. Maganar da yake ta gyarawa don ya faɗa mana a hankali, ni na karanta ta da ƙarfi a gaban mata tara. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye miki ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ya zubar da maganinsa. Ya ce Hawata duka ta ji, me ya rage da zai kai wa likita. Idanunsa sun sake faɗawa, kuma sau biyu ana ganinsa zaune shi kaɗai a bakin kogin Rahad da rana tsaka. Ina jin tsoro. Ba labarinsa nake tambayarki ba, wanda ya ba ni ya ishe ni. Ki nuna mini inda zan kai shi, wurin wanda ba shi da Inna a Hawata.

Ƙanwarki, Ruqayya

Gadarif, 24 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Ruqayya.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Haushinki yana kan hanya, ki riƙe shi har lokacin da ya sake ki, ba zan roƙe ki ki gaggauta ba.

Abin da ya gaya muku nasa ne, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Amma abin da kika gani da idonki a bakin kogi ba abin jira ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai. Ki sami namiji ɗaya da ya yarda da shi ya riƙa zama tare da shi. Ki tambaye shi kai tsaye ko tunanin nan ya dawo, tambaya ba ta cusa wa mutum abin da babu. In ya ce eh, ku taho a ranar, ko da wace mota ce.

Daktora Batoul tana ganin mutane da kanta ranar Talata. Mutuniyar Kassala ce, ba ta da kowa a Hawata. Na roƙa a mayar da ni ɗaya reshen namu duk ranar Talata, an yarda. Ba zan ga mai shiga ba, ba zan ga mai fita ba, takardun ma an ɗauke su daga inda hannuna zai kai. Ki gaya masa haka. In ya ce bai yarda da gidan ba gaba ɗaya, yana da gaskiya, daktora za ta nuna muku wani wurin.

In kin gama karantawa ki ƙone takardar nan.

Yayarki, Ummusalama

Hawata, 17 ga Jumada Ula

Zuwa ga 'yata Ummusalama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jikinki, yaya sanyin da ya fara? Mu nan alhamdu lillahi. Dawa ta nuna, an fara yanka. Ruqayya ta dawo mini da alƙalami, amma da sharaɗi: mu biyu ne a ɗaki, ƙofa a rufe. Na ce mata yanzu wasiƙa ta zama kamar wankan jego.

Na ce kada ki sake ce mini Inna. Na janye. Baki ne, shi ke yanka wuya, kuma nawa ma ya yi yanka ranar nan da na ce karanta mana.

Babanku ya tsayar da ɗaurin aure Juma'ar ƙarshen watan nan. Ba taro, ba kiɗa, Fatiha matar mai nama kuwa ba za ta taka ko ƙofar gidana ba. Makullin tarakta dai bai dawo ba.

Talata biyu ke nan Maliki yana bin lorin Osman zuwa Gadarif, Babanku da ƙafarsa mai ciwo yana raka shi, wai za su duba farashin riɗi. Sun dawo ba wanda ya san farashin. To ke da kike can, ya shiga wurin naku kuwa? Me daktorar ta ce?

Ruqayya ta ɗaga alƙalami tana kallona. To, na ji. Ta ce sai ta bar tambayar a rubuce don ki ga halina. Kada ki amsa. In hanya ta yi kyau bayan biki, ni ma ina son ganin Batoul ɗin nan a kan maganar Harun. Ba ke ba, kada ki ji haushi.

Abu na ƙarshe. Shekaranjiya na ɗauki takalman Haliima na kai mata da kaina, wata biyu da rabi suna bakin rumfata. Ta shimfiɗa mini tabarma. Muka zauna, ni mai ɗan da ban san inda yake ba, ita mai ɗan da ta yi wata tara tana yi wa kabarinsa addu'a alhali babu kabarin. Muka yi kuka har muka gaji. Ta ce ta fara yi wa Maliki magana, ita ke zuba masa abinci yanzu. Ta ce da ta tsaya ta duba, shi ma Maliki tamkar a gindin bishiyar nan yake kwana tun ranar.

Na tambaye ta ko tana da saƙo zuwa gare ki. Sai ta ce in gaya miki ta yafe, don ta san ba da mugunta kika yi ba. Amma ta ce in faɗa miki wannan ma, kada in rage: gaskiyar ba ita ta fi yi mata ciwo ba, ko ba daɗe ko ba jima za ta ji ta. Ta ce, "Daga bakin ɗana ya kamata in ji, mu biyu a ɗaki, in samu in riƙe kansa. Wannan ranar ce Ummusalama ta ɗauke mana, kuma ba ta da inda za ta samo ta ta mayar."

Na yi mata alkawarin zan isar, ga shi na isar.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.
Innarki, Barira